Ƙishirwar Kankare

Ni ban yi makaranta ba. Faɗa nake ana rubutawa, in an ga magana ta karkata, bakina ne ya karkatar da ita. Sunan wanda zan ba da labarinsa kuma ba zai fito daga bakina ba, domin ɗana ne na fari. Mutanen unguwa Injiniya suke ce masa. Ni in zan kira shi gyaran murya nake yi, ya kuma san da shi nake.

A ɗakina, a kan kantar da ke gefen taga, akwai gwangwanayen madara a jere. Baƙo in ya shigo yakan ɗauka kayan miya ne. Ƙasa ce a ciki. Duk ƙasar da yaron nan ya je aiki, sai ya damƙo mini ƙasar wurin ya ƙulle a leda ya kawo. Ni na roƙa tun tafiyarsa ta farko. Na ce masa ba na son atamfa, ba na son turare, ka kawo mini abin da kake takawa in gani. A garinmu, kafin mu taso, ni ce uwar daɓe. Ba a daɓe ɗakin amarya ban sa hannu ba. Ƙasa ita ce karatun da na sani.

Mun zo Dutsen Alhaji lokacin da ake ta tayar da birnin nan na Abuja daga daji. Mahaifinsa lebura ne, kwanon sarki yake ɗauka. Da safe a kwashe su a bayan tifa, da yamma a dawo da su fari fat da siminti, sai idanu. Benayen ofisoshin nan da ake nunawa, akwai gumin wuyansa a cikin da yawansu. Ni kuwa ina sayar wa leburori shinkafa da wake a gindin bishiya. Da Allah ya karɓi abinsa, a ɗakin haya ya cika. Ba a yi addu'ar arba'in ba mai gida ya fara gyaran murya a ƙofa. A riƙe wannan, domin shi ne tushen maganata: mutumin da ya gina wa gari ya tafi bai bar inuwar kansa ba.

Kwanci tashi, yaro ya yi karatu. Yadda aka yi ya yi, Allah ne ya yi, sai tukunyar wake. Ya fito injiniyan gine-gine, wani kamfani ya ɗauke shi, aka fara tura shi ƙasashen waje. Tun daga nan na zama uwar matafiyi.

Gwangwanin farko, yashi ne fari mai laushi, in ka damƙa sai ya zurare ta tsakanin yatsu. Na ƙasar Larabawa ne, inda suka yi hanya a cikin rairayi. Ya ce zafin can, in ka taɓa rodi da tsakar rana sai fatar hannunka ta tashi. Ya ce ƙanƙara suke zubawa a cikin kwaɓin siminti don kada ya kama tun a mota. Na ce ƙanƙarar da muke nema mu sa a zoɓo? Ya ce ita fa, Inna, buhu-buhu.

Na biyu baƙar ƙasa ce mai ƙarnin kifi, har yau in an buɗe ana ji. Bakin teku ne, sun gina wurin da manyan jiragen ruwa ke tsayawa. A can ginshiƙai suke kafawa cikin ruwa, inji na dukansu kamar ana kirɓa sakwara, tun safe har yamma, wata da watanni. Gishiri kuma yana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin azara. Wannan dukan ne ya tafi da jin kunnensa na hagu. Shi ya sa in ana magana yake juyo da dama.

Akwai toka-toka, garin dutse, daga ƙasar sanyi inda suka huda tsauni mota ta bi ta ciki. Ya ce a can bargo suke lulluɓa wa kankare kamar jariri, kada sanyi ya kashe shi. A can ya yi azumin da rana ke ƙin faɗuwa. Ɗakinsa kwantena ce, abokan aikinsa kowa da yarensa, da hannu da zane ake fahimtar juna. Nakan aika masa da yaji da kuka da daddawa. Ya ce ranar da ya kaɗa miya, wani bature abokin aikinsa ya fito da gudu yana neman abin da ya mutu, daga baya kuma shi ne mai miƙo kwano.

Akwai ja irin tamu, ta wata ƙasar baƙar fata, inda suka gina asibiti. Akwai rawaya ta madatsar ruwa. Akwai wadda ban ma tuna aikinta ba, sai dai na san shekarar da aka haifi 'yarsa ta biyu ce, ya kuma ga sunan a waya.

Duk dawowa iri ɗaya muke yi. Ya durƙusa ya gaishe ni, in miƙa hannu, ya sa mini ƙullin ƙasa. In kwance, in murza, in shinshina. Sai in ce, "Abin da kuka gina, ya tsaya?"

Ya ce, "Ya tsaya, Inna."

In ce, "Alhamdu lillahi." Sannan a kawo ruwa.

Ba na jin akwai uwar da ta fi ni jin daɗin kalma biyu. Mutane na haye kogi a kan aikin ɗana a ƙasar da ban san sunanta ba, ba su san ni ba, ba su san tukunyar wake ba. Ni na sani, ya ishe ni.

Amma akwai abin da ke cina. Tun da daɗewa ya sayi fili a nan gindin dutse, aka zuba fandisho, aka ja bulo har saman taga, aka tsaya. Ba rashi ba ne ya tsayar. Cewa ya yi ba wanda zai zuba masa dekin, wato rufin kankaren da bene ke hawa a kai, sai yana tsaye a wurin. Hutunsa kuwa kullum guntu ne. Ciyawa ta fito a falo, awaki suka mai da ɗakin kwana nasu, ƙadangaru na shan rana a kan taga. Mu kuma muna haya, ni da matarsa da yara. Ita ma'aikaciya ce a ma'aikatar gwamnati, mace mai kunya da kaifin hankali, ba ta taɓa ɗaga masa murya a kan maganar ba.

Mata kuwa sun ɗaga. A gidan biki wata ta ce mini, "Hajiya, ina labarin Injiniyan duniya? An ce awakin unguwa sun gode, ba a karɓar musu haya." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Wata ta ƙara da cewa tela ne mai yawo da yagaggiyar riga. Na dawo gida na ture tuwon dare gefe. Dariyarsu ba ta dame ni kamar abin da na hango ba. Furfura ta fito masa a gemu. Na ga hanyar ubansa ce yake bi, sai dai shi da jirgin sama.

Da ya kira a waya na yi gyaran murya, na ce, "Kai. Ubanka a ɗakin wani ya cika. Ni ma ga alama haka zan yi. Kai fa?"

Sai ya ce, "Na ji, Inna."

Da bazara sai ga shi. Lokacin yana aikin wata gada a kan babban kogi, ya roƙi hutu. A ranar na ga yadda ɗana yake aiki, abin da sai dai a ba ni labari. Tifar yashi ta zo, ya damƙa ya zuba a kwalbar ruwa ya girgiza, ya ga laka ta taso, ya ce a mayar. Direba ya yi ta rantsuwa, ya ce a mayar. Ya hau sama da hular kwano yana bin rodi ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowane ɗauri. Kafinta ya kakkafa gora a ƙasa kamar daji don ta tallafe katakon, ya bi su yana girgizawa. Ba ya tsawa. In abu bai yi ba sai ya ce a sake, ya tsaya nan har a sake. Leburori suna ta gunaguni, "Wannan oga, ko gidan gwamna ne?" Amma da aka kawo abinci tare ya zauna da su a kan bulo, hannu cikin kwano ɗaya.

Ranar zubi na ɗauko gwangwanayena a cikin tire. Niyyata in zuba kaɗan-kaɗan a cikin kwaɓin, don duk inda ya wahala ya shiga cikin gidansa. Ya tare ni da sauri har yana tuntuɓe.

"Inna, don Allah! Akwai gishiri a waccan, akwai laka a wannan. Kankare ba ya son baƙo."

"Ko tsunkule ɗaya?"

"Ko ƙwaya."

Leburori suka yi ta dariya. Na koma da tirena, raina ya ɗan sosu, amma a can ƙasan zuciya daɗi na ji. Wanda ya hana uwarsa, wa zai bari?

Aka kunna inji tun da hantsi, kwanon sarki na hawa na sauka, ba a tsaya ba sai da aka rufe ko'ina, domin ya ce zubi ba ya son a yanke shi. Ina kallon samarin nan da kwano a ka, ina ganin mahaifinsa a cikinsu.

Washegari waya ta zo. Ruwan sama ya sauka da wuri a can ƙasar, kogi ya taso yana neman cin ƙafar gadar da ba su gama ba. Dole ya koma a ranar. Ya zo ya durƙusa a gabana da jaka a hannu, fuskarsa ba daɗi.

Ya ce, "Inna, aikin bai ƙare ba, yanzu ma ya fara. Mutane na ɗauka kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi. Sha yake yi. In ya sha ruwa a hankali har wata guda, zai fi ni daɗewa, ya fi jikokina. In ƙishirwa ta kama shi a wannan zafin, zai tsage, kuma ba na ɗora bene in sa iyalina a ƙarƙashin abin da ya tsage. Sai dai a fasa. In kuwa aka fasa, ban san shekarar da zan sake samun zama ba."

Na ce, "Faɗi abin da za a yi."

"Abu biyu. Kada samansa ya bushe ko sau ɗaya. Kada kuma a cire gora ko guda sai na ce."

Na ce, "Wannan ai daɓe ne. Mu ma in mun daɓe ɗaki ba ma barinsa, kullum sai an yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, a rufe ƙofa kada rana ta gan shi."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "To ashe a hannun masu shi na bar shi."

Kafin ya tafi ya sa an yi wa gefen dekin ɗan baki da siminti don ruwa ya kwanta, aka shimfiɗa buhunan algarara a ko'ina. Ya tafi.

Da farko abin da sauƙi. Akwai burtsatse a maƙwabta, a ja tiyo a kunna, ruwa ya malala. Ana nan sai taransifomar unguwa ta ƙone. Wuta ta tafi, burtsatse suka yi shiru, mai janareta ya ce ruwan gidansa ma da ƙyar. 'Yan ga-ruwa suka zama sarakuna, ka ga kura ta taho a ce an riga an saye tun daga bakin titi. Rana kuwa irin ta bazarar Abuja, dutsen nan yana maido da zafi kamar tanda. Buhun da aka jiƙa da safe, kafin azahar ya yi ƙayau.

Ina da maƙwabciya 'yar Gbagyi, tsohuwa kamata, 'yar asalin wurin ce, gonar kakanninta aka yanka aka yi unguwar. Ta dawo daga coci ta same ni zaune na haɗa kai da gwiwa. Ta ce, "Mama Injiniya, wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu, gini ne ke jin ƙishirwa."

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Mutum bai sha ba, dutse zai sha? Kai, Hausawa da 'yan boko, in kun haɗu sai Allah." Da ta gama dariyarta ta ce akwai wani idon ruwa a bayan dutse inda suke ɗiba tun tana yarinya, ba ya ƙafewa, baƙi ba su san shi ba. Ta kira 'ya'yanta mata da surukanta. Da sassafe sai ga su a jere, kowace da jarka a kafaɗa, domin su ba sa ɗora kaya a ka, sun ce kai ya ishe shi da tunani. Na ce me zan saka muku da shi? Ta ce, "Ranar da aka gama, ki ba ni kujera a sama in ga gonar babana daga can."

Surukata kuwa, kafin ta tafi ofis sai ta hau ta jiƙa. In ta dawo, ta tuɓe takalmi mai tsini a gindin tsani, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta hau da bokiti. Hannun da ya saba da biro ya yi kanta. Tsakar rana ce ba kowa, ita ce kuma mai kisa. Wannan tawa ce.

Gwiwoyina sun daɗe da yi mini tawaye, sallah ma a zaune nake yi. Amma ba a shayar da abu ba a gan shi ba. Tsanin katako ne, sai in juya masa baya in zauna a matakin farko, in ja jiki zuwa na biyu, haka har sama. In an tara mini ruwa a duro a can, sai in bi buhunan da moɗa, ina yayyafawa, ina taɓawa da tafin hannu. Inda ya yi sanyi in wuce, inda ya yi ɗumi in ƙara. Masu wucewa suna nuna ni. Na ji da kunnena wani na cewa tsohuwa ta fara ruɗewa, tana ban ruwa a inda ba shuka. Wani ya ɗaga murya, "Hajiya, in ya tsiro a sam mana iri!" Na ce, "Ka kawo buhunka ranar girbi."

Ana cikin haka sai ga kafinta da mota da yaransa. Mutumin kudu ne, ya daɗe a nan, Hausarsa ta kasuwa. Gorar tasa ce, aro aka yi, ya kuma samu wani aiki a Jabi.

"Mama, sannu. Na zo kwashe gora na."

"Mai gida ya ce kada a taɓa."

"Haba Mama! Wannan dekin ta bushe tun tuni. Ni na yi gida ya fi gashin kaina, sati biyu muna cirewa. Oga ya saba da aikin turawa ne, nan Najeriya ne."

"Simintin ya san a Najeriya yake?"

Yaransa suka tuntsire. Shi bai yi dariya ba, ya ce wa ɗaya ya kawo guduma. Na ja tabarmata na shiga cikin dajin gorar nan, na shimfiɗa a tsakiyar falo, daidai ƙarƙashin inda ya fi faɗi, na zauna, na ɗauko carbi.

"Mama, fito mana."

"Cire abinka. Ka ce ya bushe. In ya bushe me zai same ni?"

Ya ɗaga kai ya dubi katakon, ruwa na ɗiga ta gefe. Ya dube ni. Ya cire hula ya share gumi. "Mama, kina so ki sa ni a wahala. In wani abu ya faɗo, wa zai yarda ba ni na kashe ki ba?"

"To ashe kai ma ba ka tabbata ba."

Ya zagaya, ya dawo, ya yi magana da yarensa wadda na san ba addu'a ba ce. Daga baya ya zauna a kan bulo ya ce aikin Jabi zai kuɓuce masa, yana da yara a makaranta. Na ga gaskiyarsa, shi ma nema yake. Na sa aka kawo masa kunun zaƙi. Da surukata ta dawo ta yi ta waya har ta samo masa aron wata gorar a kasuwar katako ta Dei-Dei. Ya tafi yana cewa bai taɓa ganin tsohuwa mai taurin kai irina ba, wai yanzu ya gane inda oga ya gado. Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Sai ranar da ruwa ya yanke gaba ɗaya. An yi rasuwa a dangin maƙwabciyata, duk suka tafi ƙauye. Kura ko ɗaya ba ta shigo layinmu ba. Abin da ke cikin duro na yi ta tsimi da shi, har na haɗa da randar ɗakina da ruwan alwalata, na yi taimama. Duk da haka kusurwar gabas ta bushe kafin la'asar. Da na ɗaga buhun wurin sai na ga wani layi siriri kamar gashi, tsawon kamu ɗaya.

Na zauna a wurin. Ban yi kuka ba, ban kuma bar wurin ba sai da aka zo aka sauko da ni. Surukata ta ɗauki hoton wurin da waya ta aika masa. Amsarsa gajeriya ce: a ci gaba da ban ruwa, a bar gora, yana zuwa in kogi ya sake shi. Bai ce ya lalace ba, bai ce bai lalace ba. Na san shi, ba ya yanke hukunci a kan abin da bai taɓa ba.

Muka ci gaba. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Washegarin da wa'adin ya cika aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya, wuta kuma ta dawo a makon. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Kin gani? Sai da muka gama suka zo gaisuwa." Amma layin nan yana nan a raina, da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Sai tsakiyar damina ya iso. Daga filin jirgi bai biya gida ba, aka ce mini yana wurin gini. Na sa aka kai ni. Na same shi a sama, durƙushe a kusurwar gabas. Ya kankare layin da ƙusa. Ya zuba ruwa a kai, ya sauka ƙasa ya tsaya yana kallon sama ko zai ga jiƙa. Ya sake hawa da 'yar guduma, ya kwantar da kunnensa na dama, yana ƙwanƙwasawa, nan, da can, da can, har ya zagaye dekin duka. Ƙarar tana fita tsaf kamar an buga sabuwar tukunya mai kyau. Ni ina gindin tsani, carbi ya tsaya a hannuna.

Ya sauko. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Na kasa jira, na ce, "Ya tsaya?"

Ya ce, "Ya tsaya, Inna. Layin a fata kawai yake, bai shiga nama ba. Na zuba kankare a ƙasashe da injuna da ma'aikata, ban taɓa samun wanda aka shayar kamar wannan ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Gadar fa?"

"Ita ma ta tsaya."

Sai na miƙa hannu, domin al'ada ba ta faɗuwa. Ya laluba aljihu ya sa mini ƙullin ƙasar kogin. Ban janye hannun ba tukuna sai na ga ya sunkuya, ya damƙi jar ƙasar tsakar gidan, jiƙaƙƙiya da ruwan sama, ya ɗora mini a kai.

Ya ce, "Wannan ta wurin aikina na gaba ce. Na gaya musu gadar nan ce ta ƙarshe."

Aka kira kafinta ya kwashe gorarsa, yana yi yana leƙen sama, ba abin da ya motsa. Bene ya hau a cikin shekarar. Ranar da muka tare, maƙwabciyata ta riga kowa hawa, aka ba ta kujerarta, ta zauna tana nuna wa jikokinta inda gonar doya take a da. Matar nan ta gidan biki ma ta zo, ta ce ina awaki suka koma? Na ce mun ba su notis.

Yanzu a nan Abuja yake aiki, yana duba gine-gine, yana koya wa matasa. An ce suna tsoronsa, suna kuma rububin a tura su wurinsa. Gwangwanayena na jere a kan sabuwar kanta, na ƙarshe jar ƙasar gida ce. Ɗakina a ƙasa yake saboda gwiwa, nasa a sama, daidai kaina. Da asuba nakan ji takunsa a kan dekin yana tafiya alwala, mai nauyi, ƙafar dama ta fi ta hagu sauka, irin na ubansa. Sai in jawo butata.